Wellington Koo: Jakadan Sin da ya ƙi sa hannu a Versailles, ya ƙare rayuwarsa a ƙasar wasu

Ranar 28 ga Yuni 1919 manyan ƙasashen duniya suka hallara a fadar Versailles, a wajen Faris babban birnin Faransa, domin sa hannu a takardar sulhu da Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kowace tawaga ta zauna inda aka tanadar mata. Kujeru biyu na wakilan ƙasar Sin, wato Chana, har aka tashi babu wanda ya zauna a kansu. Sin tana ɓangaren waɗanda suka ci yaƙin ne, amma ita kaɗai cikin mahalarta taron ta ƙi sa hannu. Wanda ya fi kowa tsayawa kai da fata a kan haka wani matashi ne ɗan shekara 31 mai suna Gu Weijun, wanda duniya ta fi sani da Wellington Koo.

Yau idan aka ce Chana, abin da ke faɗo wa mutum shi ne kayan lantarki a kasuwar Alaba, ko jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan, ko bashin da ƙasashe ke zuwa karɓa a Bejin. Chanar da Koo ya wakilta ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan. Ƙasa ce mai faɗi da yawan jama'a, amma kowa ya raina ta. Tarihin mutumin nan yana nuna iyakar abin da wakilin ƙasa mara ƙarfi zai iya ƙwatowa da bakinsa, da kuma inda bakin ke tsayawa.

Ƙasar da ya buɗe ido ya gani

An haifi Koo a 1888 a Jiading, kusa da Shanghai. A lokacin Turawa ba su mallaki Sin kai tsaye ba kamar yadda suka yi wa ƙasashenmu, amma sun ɗaure ta da yarjejeniyoyi. Tun bayan da Birtaniya ta ci ta a yaƙin da aka yi kan cinikin ƙwayar ofiyom, ta karɓe Hong Kong a 1842, sai kowace ƙasa mai jiragen yaƙi ta zo ta yanki nata kason. Baturen da ya yi laifi a Shanghai alƙalin Sin ba shi da ikon yi masa shari'a, sai ofishin jakadancin ƙasarsu. Harajin kayan da ake shigowa da su an ƙayyade shi a wajen kashi biyar cikin ɗari, gwamnati ba ta isa ta ƙara ba sai da yardar baƙin. A 1895 Japan ta ci Sin da yaƙi ta karɓe tsibirin Taiwan. A 1898 Jamus ta karɓi hayar gaɓar teku a lardin Shandong na shekara 99, ta gina tashar jiragen ruwa ta Qingdao, ta shimfiɗa layin dogo zuwa cikin lardin.

Koo ya yi karatu a makarantar mishan ta St. John's a Shanghai, daga nan ya wuce Amurka, Jami'ar Columbia da ke New York. Ya kammala digirin digirgir a 1912, kuma abin da ya yi bincike a kai shi ne matsayin baƙi a ƙasar Sin ta fuskar doka. Ka ga tun daga makaranta ya san ciwon da yake son yi wa magani. A shekarar ce mulkin sarakunan gidan Qing ya ƙare aka kafa jamhuriya, sabon shugaba Yuan Shikai ya ɗauke shi sakatarensa na Turanci.

Bai daɗe da fara aiki ba aka fara yaƙi a Turai. Japan ta ce ita ƙawar Birtaniya ce, ta kori Jamusawa daga Qingdao a ƙarshen 1914, ta zauna. A Janairun 1915 ta miƙa wa Yuan Shikai buƙatu 21 a asirce, da gargaɗin kada kowa ya ji. Da an amince da su duka, da Sin ta zama tamkar gonar Japan. Koo na cikin waɗanda suka ga cewa asirin shi ne makamin Japan, aka riƙa tsegunta wa Amurkawa da 'yan jaridun waje abin da ke cikin takardar. Surutun da ya biyo baya ya sa Japan ta janye mafi munin kashi na buƙatun, amma sauran sai da Sin ta karɓa a watan Mayu bisa barazanar yaƙi. A shekarar aka tura Koo jakada a Washington yana ɗan shekara 27.

Cinikin da aka gama kafin mai kaya ya iso

Sin ta shiga yaƙin a 1917 a ɓangaren Birtaniya da Faransa. Ba ta tura sojoji ba, amma kimanin leburori 140,000 'yan ƙasar sun yi aikin haƙa ramuka da dakon kaya da gyaran hanyoyi a bayan fagen daga. Don haka da aka kira taron sulhu a Faris a farkon 1919, Sinawa sun tafi da tsammanin za a mayar musu da Shandong. Shugaban Amurka Woodrow Wilson yana ta wa'azin cewa kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar makomarta, su kuma sun gaskata shi.

Tun daga rabon kujeru aka nuna musu matsayinsu. Japan ta samu biyar, Sin biyu, alhali wakilanta biyar ne, sai dai su riƙa karɓa-karɓa. Shugaban tawagar, Lu Zhengxiang, ba shi da cikakkiyar lafiya. Koo kuma watanni kaɗan kafin nan matarsa ta rasu a annobar murar 1918, ta bar masa ƙananan yara biyu.

Ranar 28 ga Janairu aka ba shi damar magana gaban manyan ƙasashe. Ya kawo hujja ta tarihi da ta doka. Shandong ƙasar haihuwar Konfushiyos ce, babban malamin da tarbiyyar Sinawa ta ginu a kan koyarwarsa, mutanenta Sinawa ne a harshe da al'ada. Hayar da aka ba Jamus ta mutu ranar da Sin ta shelanta yaƙi da ita, kuma abin da aka karɓa a 1915 da bakin bindiga ba yarda ba ce. Jawabin ya burge mahalarta, sunan Koo ya shiga jaridun duniya.

Sai dai an riga an gama ciniki a bayan fage. Tun 1917 Birtaniya da Faransa sun yi wa Japan alkawari a asirce cewa za su mara mata baya kan Shandong. Abin da ya fi ciwo, ita kanta gwamnatin Bejin a 1918 ta karɓi bashin Japan, ta kuma amince a rubuce da wasu haƙƙoƙin Japan a lardin. Da Japan ta fito da waɗannan takardu, sai hujjar Koo ta samu rauni daga gida. Wilson kuma yana tsoron kada Japan ta fice daga taron, ga Italiya ta riga ta yi fushi ta tafi, shi kuwa babban burinsa kafa Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, wato kakar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yau. Ranar 30 ga Afrilu aka yanke cewa haƙƙoƙin Jamus a Shandong sun koma hannun Japan.

Wannan rabo na kayan Jamus mu ma ya taɓa mu. A zaman nan ne aka tabbatar da raba Kamaru ta Jamus tsakanin Birtaniya da Faransa. Shi ya sa Mubi, wadda daga kasuwarta ake lodin shanu zuwa Kudu har gobe, ta zo hannun Ingilishi, daga baya ta shigo Najeriya a 1961 bayan ƙuri'ar raba gardama. Babu wanda ya tambayi mutanen Mubi a 1919. Bambancin kawai shi ne Sin tana da wakili a ɗakin.

Da labari ya isa Bejin, ɗalibai wajen 3,000 suka fito zanga-zanga ranar 4 ga Mayu, har suka ƙona gidan wani minista da ake ganin ɗan koren Japan ne. Yajin aiki da ƙaurace wa kayan Japan suka bazu zuwa Shanghai da sauran birane. Gwamnati ta rikice, umarnin da take aikawa Faris yau daban gobe daban.

Koo ya yi ta neman mafita. Ya nemi a bar Sin ta sa hannu amma a rubuta a jikin takardar cewa ba ta yarda da sashen Shandong ba, aka ƙi. Ya ce to a haɗa ƙorafin a matsayin rataye, aka ƙi. Ya ce a bar su su bayyana matsayinsu kafin sa hannu, shi ma aka ƙi. Duk wanda ya san kasuwa ya san cewa idan mai saye ya fi ka ƙarfi kuma dillalai duk nasa ne, abu ɗaya ya rage maka, ka ce albarka ka riƙe igiyarka. Abin da tawagar ta yi ke nan.

Amma Koo bai tashi a tutar babu ba. Ya lura cewa dokar kafa sabuwar majalisar tana cikin yarjejeniyar sulhu da Ostiriya ma, wadda babu maganar Shandong a cikinta. Sin ta sa hannu a waccan a watan Satumba, ta zama mamba tun daga tushe. Tun da ba ta taɓa sallamawa ba, maganar Shandong ta ci gaba da zama a buɗe. A taron Washington na 1921 zuwa 1922, inda Koo yake cikin wakilai, Japan ta yarda ta mayar da lardin, ko da yake sai da Sin ta ɗauki nauyin biyan kuɗin layin dogon. A Disambar 1922 Qingdao ta dawo hannun masu ita.

Gida a yamutse

Koo ya koma Bejin da suna, ya tarar da gwamnati a hannun janar-janar masu rundunonin kansu, wannan ya kori wancan. A tsakanin 1922 da 1927 ya riƙe ministan harkokin waje da na kuɗi, ya yi riƙon firaminista har sau biyu. A 1926 ya yi abin da ba a saba gani ba, ya shelanta cewa tsohuwar yarjejeniyar 1865 da Beljiyam ta ƙare, ko Beljiyam ta so ko ta ƙi.

Masu sukarsa na cewa duk wanda ya hau mulki Koo zai yi masa aiki. Shi kuma yana ganin kansa ma'aikacin ƙasa ne, ba na jam'iyya ba. Da jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta Kuomintang ƙarƙashin Chiang Kai-shek ta kama Bejin a 1928, ta ba da umarnin kama shi saboda ya yi wa abokan gabarta aiki, dole ya bar ƙasar na wani lokaci. Ba a yi shekara huɗu ba su da kansu suka neme shi.

Majalisar da ba ta da sanda

A Satumbar 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuriya, arewa maso gabashin Sin. Gwamnatin Chiang ta kai ƙara Majalisar Ƙawancen Ƙasashe. Aka tura kwamitin bincike ƙarƙashin wani Bature ɗan Birtaniya, Lytton, Koo ya raka su a matsayin wakilin Sin duk da barazanar da aka yi wa rayuwarsa. Rahoton ya ƙi amincewa da gwamnatin jeka-na-yi-ka da Japan ta kafa a yankin. A Fabrairun 1933 aka kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 42 suka goyi bayan rahoton, Japan kaɗai ta ƙi. Wakilinta ya tattara takardunsa ya fice, sojojinta kuma ko taku ɗaya ba su ja da baya ba. Koo ya ci shari'a, ƙasar kuma tana hannun wanda aka kayar.

A 1937 yaƙi ya ɓarke gadan-gadan. Koo yana jakada a Faransa, ya je taron Brussels a watan Nuwamba yana roƙon a sa wa Japan takunkumi. Aka yi jawabai aka watse. Wata guda bayan haka sojojin Japan suka shiga Nanjing, babban birnin ƙasar a lokacin, suka yi kisan kiyashin da har yau Sinawa ba su manta ba.

Ba duka jakadun Sin ne suka tsira da ransu a yaƙin ba. A Manila, babban birnin Filifin, akwai dubban Sinawa 'yan kasuwa mazauna can da suka riƙa tara kuɗi suna aikawa gida. Ƙaramin jakadan Sin a birnin, Yang Guangsheng, ya ƙi guduwa da Japanawa suka shigo a Janairun 1942, ya kuma ƙi ba su haɗin kai wajen tatsar jama'arsa. Ranar 17 ga Afrilu 1942 suka harbe shi tare da ma'aikatansa bakwai. Matarsa Juliana ta riƙe 'ya'yanta mata uku da iyalan sauran mamatan har yaƙi ya ƙare. Ita ce daga baya, a 1959, ta zama matar Koo ta ƙarshe.

Yaƙin da ya cinye miliyoyin rayuka shi ne kuma ya buɗe ƙofar da Koo ya daɗe yana ƙwanƙwasawa. Da Japan ta kai wa Amurka da Birtaniya hari a ƙarshen 1941, sai suka wayi gari suna bukatar Sin. Koo yana jakada a Landan lokacin. A Janairun 1943 ƙasashen biyu suka soke gatan da ya hana kotunan Sin hukunta 'yan ƙasarsu, shekara ɗari da fara shi. Birtaniya ta ƙi taɓa maganar Hong Kong. Wannan karon Koo shawara ya bayar a sa hannu, a karɓi abin da ya samu, a bar Hong Kong zuwa gaba. Mutumin da ya ƙi sa hannu a 1919 ya san lokacin riƙe igiya da lokacin sallamawa.

An samu kujera, ƙasa ta kuɓuce

Ranar 26 ga Yuni 1945, a birnin San Francisco, aka sa hannu a dokar kafa Majalisar Ɗinkin Duniya. Sin aka fara kira, saboda ita ta fi daɗewa tana fama da mamaya, kuma Koo ne mutum na farko da ya sa hannu, da alƙalamin gashi irin na rubutun Sinawa. Ƙasar da aka ba kujeru biyu a Faris ta zama ɗaya daga cikin biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu, masu ikon hawa kujerar na ƙi. A cikin tawagar har da wakilin 'yan kwaminis, Dong Biwu, kuma Koo na cikin waɗanda suka goyi bayan a tafi da shi, don duniya ta ga Sin ɗaya.

Haɗin kan bai je ko'ina ba. Yaƙin basasa ya dawo tsakanin Chiang da 'yan kwaminis na Mao Zedong. Daga 1946 Koo yana jakada a Washington, aikinsa neman kuɗi da makamai ga gwamnatin da cin hanci da hauhawar farashi suka riga suka cinye. A ƙarshen 1948 'yan kwaminis suka fitar da sunayen mutum 43 da suka kira masu laifin yaƙi, sunan Koo na ciki. Ranar 1 ga Oktoba 1949 Mao ya shelanta sabuwar jamhuriya a Bejin, Chiang ya tsallaka Taiwan da sauran mutanensa. Koo ya ci gaba da wakiltarsu har 1956, yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar tsaro da Amurka a 1954. Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana yaƙi da dogaro da baƙi, ya tsufa yana roƙon baƙi su tsare tsibiri ɗaya.

Alƙali a shari'ar Afirka

Daga 1957 zuwa 1967 Koo alƙali ne a Kotun Duniya da ke Hague a ƙasar Holan, shekaru ukun ƙarshe yana mataimakin shugabanta. A nan rabon 1919 ya sake biyo shi. Ƙasar da yau ake kira Namibiya ita ma ta Jamus ce a da, taron Faris ya damƙa ta amana a hannun Afirka ta Kudu, ita kuma ta shimfiɗa mulkin wariyar launin fata a can. Habasha da Laberiya suka kai ƙara. A Yulin 1966 alƙalai suka rabu bakwai da bakwai, shugaban kotun ya raba gardama da ƙuri'arsa, aka ce masu ƙara ba su da hurumi. Koo na cikin bakwai ɗin da suka ƙi yarda da hukuncin. Tare da shi a wannan ɓangare akwai ɗan Najeriya, Sir Louis Mbanefo na Onitsha, wanda masu ƙarar suka zaɓa ya zauna a shari'ar.

Ƙarshensa

Bayan ritaya ya zauna a New York. Yana nan, a birnin da hedikwatar majalisar take, ranar 25 ga Oktoba 1971 aka kaɗa ƙuri'ar da ta karɓe kujerar Sin daga gwamnatin Taiwan ta ba Bejin, 76 suka yarda, 35 suka ƙi. Najeriya, wadda ta ƙulla hulɗa da Bejin a Fabrairun shekarar, tana cikin masu yarda. Kujerar da Koo ya sa wa hannu ta koma ga waɗanda suka sa sunansa cikin masu laifi. Rigimar ba ta mutu ba har yau. Ita ce dalilin da ya sa a 2017 gwamnatin Najeriya ta ce ofishin kasuwancin Taiwan ya tashi daga Abuja ya dawo Legas.

Sauran shekarunsa ya ƙarar da su yana ba da tarihin aikinsa ga masu bincike na Jami'ar Columbia, abin da ya kai shafi wajen 11,000. Tun yana raye aka fara buga fassararsa da Sinanci a Bejin, daga ƙarshe ta kai juzu'i 13. Ya mutu ranar 14 ga Nuwamba 1985 a gidansa a New York yana da shekara 97, aka binne shi a Amurka. Tun da 'yan kwaminis suka karɓi mulki bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba.

Bayan mutuwarsa Bejin ta rungume shi. A 1999 aka yi fim a kan abin da ya yi a Faris, a Jiading kuma akwai wurin da aka keɓe don tarihinsa. Abin da ake koya wa yara game da shi shi ne kujerun nan biyu da aka bari babu kowa. Ba a cika tuna musu cewa takardar da ta fi karya hujjarsa a Faris gwamnatinsa ce ta rubuta ta don ta samu bashi ba, ko cewa abin da ya raba shi da gida a ƙarshe yaƙi ne tsakanin Sinawa da Sinawa.